Yadda Ake Bin Sawun Kakanni a Takardun Ƙidaya da na Haraji

Ba'amurken da ke son sanin inda kakansa ya zauna a shekarar 1950 ba ya buƙatar ya bar ɗakinsa, domin dokar ƙasarsu ta yarda a buɗe takardun ƙidaya ga kowa bayan shekara 72, kuma a watan Afrilun 2022 aka saki na 1950 a intanet, gida-gida, da sunan kowa da shekarunsa da sana'arsa. A Ingila shekara 100 ake jira, shi ya sa sai a farkon 2022 na 1921 suka fito. Bahaushen da ya ji wannan labari ya tashi ya nufi ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa don a ɗauko masa shafin gidansu na 1952 ko na 1963 zai dawo hannu rabbana, saboda abin da ake bugawa daga ƙidayar Nijeriya alƙaluma ne na larduna da gundumomi da ƙauyuka, bayanin mutum ɗaya kuwa sirri ne da ba a miƙa wa kowa.

Duk da haka hanya ba ta toshe ba, sai dai ta wani wajen ta bi. A ƙasar Hausa ta zamanin Turawa, ƙidaya 'yar haraji ce. An ƙirga magidanta ne don a san abin da kowace gunduma za ta kai baitulmali, an ƙirga shanu don jangali, kuma ƙidayoyin 1911 da 1921 da 1931 a Arewa galibinsu daga lissafin masu biyan haraji aka tsamo su. Saboda haka wanda ke neman kakanninsa a takarda, sawun haraji zai bi, kuma haraji ya fi sanin gari da dagaci a kan ya san sunan talaka. Wannan ne ya sa tsarin aikin ya zama wuri tukuna, sannan suna.

Fara da bakin tsofaffi

Kafin ka kashe ko kwabo a mota, ka zauna da tsofaffin gidanku, kuma ka fara da wanda ya fi kowa tsufa, tun da shi ne ba ya jira. Ka tafi da littafi da wayar ɗaukar murya, ka nemi izini kafin ka danna. Kada ka tambayi shekara, domin ba da ita suke lissafi ba. Ka tambayi garin da aka haifi kakanka, da unguwar, da sunan dagacin da ke ci a lokacin, da hakimin da ake kai wa haraji, da sana'ar gidan, da kasuwar da suke ci, da tsagar fuskar da iyayensu ke da ita. Tsofaffin mata sun fi maza riƙe auratayya, wato wa ya auri wa, daga wane gari aka kawo wance, maza kuma sun fi riƙe gonaki da sarauta da tafiye-tafiye. Ka ji kowa shi kaɗai, domin idan ka tara su wuri ɗaya, babba ne zai yi magana sauran su yi ta gyaɗa kai.

Abin da zai fara tare ka shi ne alkunya. Lokacin da na zauna da gwaggona a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, tana tsinke zogale a faifai, na ce mata, “Gwaggo, mene ne sunan yanka na kakanmu?” Sai ta ɗago ta dube ni ta ce, “Kai ɗan nan, Malam dai. Kowa Malam yake ce masa.” Na juya tambayar ta kowace fuska, ba ta furta sunan mahaifinta ba. Da za ta sallame ni ne ta ce, “In kana so ka sani, je ka tambayi Abba sunansa na makaranta, ai shi ya ci sunan.” Daga ranar na riƙe wannan dabara: duk wanda ake kira Abba ko Baba ko Baffa a dangi, da duk wadda ake kira Ummi ko Mama ko Iya, akwai yiwuwar sunan wani babba aka sa masa aka sakaya. Ka bi sunayensu na yanka, za su kai ka ga sunayen da tsofaffi ba sa iya faɗa.

Daga nan sai ka roƙi a buɗe maka adaka ko tsohon akwatin ƙarfe na maigida. Abubuwan da ake nema su ne rasit na haraji ko na jangali, takardar rabon gado daga alƙali, takardar cinikin gona ko gida, fasfon aikin Hajji, takardar sallama daga soja, da gafakar littattafai, domin malamai da yawa suna rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon littafi ko a gefen shafi da ajami. Rasit ɗaya tak na haraji, ko da ya kai faɗin tafin hannu ne kawai, yana iya ba ka sunan mutum yadda malamin haraji ya rubuta shi, da ƙauyensa, da gundumarsa, da shekarar. Ka ɗauki hoton gaba da baya, ka mayar da takardar inda ka same ta.

Mayar da garinku kan tsohuwar taswira

Ma'ajiyar takardun tarihi ba ta san jiha ko ƙaramar hukuma ba. An jera takardun zamanin Turawa ne bisa lardi, a ƙarƙashinsa masarauta ko En'e, sannan gunduma, sannan ƙasar dagaci. Mutumin Jigawa mafi yawanci a Lardin Kano zai nemi nasa, na Zamfara da na Kebbi a Lardin Sakkwato, na Gombe a Lardin Bauchi, na Yobe galibi a Lardin Barno. Katsina ta fi rikitarwa, domin tana cikin Lardin Kano har 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kanta. Na taɓa ɓata kwana biyu cur ina laluben wata gundumar Katsina ta wajen 1915 a jerin takardun Lardin Katsina, alhali a shekarar ba a ma haifi lardin ba, kuma laifina ne, ba na kowa ba.

Gundumomin ma ba su zauna wuri ɗaya ba. Kafin zuwan Turawa, yawancin masu sarauta a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, jakadu ke zuwa karɓo musu haraji. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 ne aka harhaɗa garuruwa zuwa gundumomi aka tura hakimai su zauna a cikinsu, kuma daga baya an yi ta haɗe wasu ana raba wasu. Don haka ka rubuta duk hakiman da tsofaffi suka ambata da sarautunsu, ko da maganarsu ta saɓa, tun da mai yiwuwa kowa gaskiyar zamaninsa ya faɗa. Sau da yawa kuma da sunan sarautar hakimi aka yi wa fayil suna, ba da sunan garin da yake zaune ba.

Tanadi kowace siffa ta suna

Baturen da ya rubuta sunan kakanka da kunnensa ya rubuta, kuma keken rubutunsa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Muhammadu zai iya fitowa a matsayin Mamman ko Mohamman ko Momadu, a wajen Faransawa kuma Mahamane ko Mamane. Abubakar shi ne Garba da Habu da Bukar da Boubacar, Usman shi ne Shehu da Mani da Ousmane, Umaru shi ne Sanda, Ibrahim shi ne Iro, Abdullahi shi ne Audu. Garuruwa ma haka: Haɗeja ta zama Hadejia ko Hadeija, Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua, Damagaram kuwa Zinder za ka tarar. Ka ware shafi guda ka jera wa kowane kaka duk sunayen da za a iya kiransa da su, har da laƙabinsa da sunan ranarsa, irin su Ɗanladi da Ɗanjuma da Balarabe, domin malamin dagaci da sunan da gari ya san mutum yake rubuta shi.

Sunan mahaifi a matsayin sunan zuri'a mai wucewa daga kaka zuwa jika sabon abu ne a wajenmu. A makarantun boko na da, sunan gari ake liƙa wa yaro, shi ya sa muka san Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da garuruwansu. Idan wani a danginku ya shiga elementare ko midil a wancan zamani, to a rajistar makaranta da sunan garinsu za ka neme shi.

A ma'ajiyar takardu

Babbar taskar takardun Arewa ita ce reshen Kaduna na Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, hukumar da masanin tarihi Kenneth Dike ya assasa a 1954, wadda sauran manyan rassanta ke Ibadan da Inugu. A Kaduna ɗin dai akwai Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato kuma akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Ka tafi da katin shaida da fensir, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto da abin da ake biya tun daga ƙofa, kuma ka ware kwanaki, domin ba aikin yini ɗaya ba ne. Kafin tafiya yana da kyau ka leƙa shafin shirin ceto takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, mai suna Endangered Archives Programme, wanda ya ɗauki hoton wasu tsofaffin takardun Kano da Kaduna ya sa su a intanet kyauta.

Ba a ba ka damar shiga cikin kantoci ka zaɓa da kanka. Kundin jerin fayiloli za a miƙo maka, ka samo lamba, ka cike takarda, a ɗauko. Fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa suna ɗauke da alamar SNP, na larduna kuma da gajeren sunan lardin, kamar KANPROF na Kano da ZARPROF na Zariya da SOKPROF na Sakkwato. Taken da za ka sa wa ido a jerin shi ne sunan gundumarku haɗe da kalmomin Assessment Report ko Re-assessment Report, wato rahoton ƙiyasin haraji, da kuma District Notebook, littafin da Di'o ke rubuta bayanan gunduma a ciki ya bar wa wanda zai gaje shi. Ka duba a SNP da kuma na lardi duka biyun, saboda akan aika kwafi Kaduna a bar kwafi a ofishin Razdan, kuma wani lokaci ɗaya ya ɓace ɗaya ya tsira. Ma'aikatan da suka daɗe a wurin sun san inda abubuwa suke fiye da kundin, don haka ka gaishe su da ladabi ka gaya musu ainihin abin da kake nema.

Rahoton ƙiyasin haraji shi ne ƙidayar gaskiya ta ƙauyukanmu a shekarun 1910 zuwa 1930, kuma ya cancanci a karanta shi a tsanake. Ƙaramin Bature ne kan yi makonni yana zagaya gunduma a kan doki, da tafinta da malamai, yana tara dattawa a ƙofar dagaci yana tambaya. Abin da ya fito daga wannan rangadi yakan fara da tarihin gundumar yadda dattawa suka ba da shi, wa ya sari garin, daga ina ya zo, a zamanin wane sarki, sau da yawa har da jerin dagatai da salsalarsu. Sai teburori su biyo baya: kowane ƙauye da yawan mazansa da matansa da yaransa, rabe-raben kabilu, masu sana'a kamar maƙera da marina da masaƙa da mahauta da majema, yawan shanu da tumaki da jakuna, har da karofi da kasuwanni. A ƙasar Kano za ka ci karo da maganar taki, wato awon gonaki da taku da malaman taki ke yi don yanke kuɗin ƙasa.

Idan gidanku na sarauta ne ko na limanci, da wuya ka rasa suna a nan. Idan kuwa talakawa ne, kamar yawancinmu, abin da za ka samu tabbaci ne na kewaye, kuma ba ƙaramin abu ba ne. A ce gwaggonka ta gaya maka cewa kakanku marini ne da ya taso daga wani gari saboda yunwa ya zauna a ƙauyenku. Ka buɗe rahoton farko ka ga babu karofi ko ɗaya a ƙauyen, ka buɗe na sake ƙiyasi bayan shekara goma ka ga marina sun bayyana, kuma Baturen ya rubuta cewa baƙi sun shigo daga wancan yankin. Ba a ambaci sunansa ba, amma ka kafa zuwansa a tsakanin shekarar rahoton farko da ta na biyu. Haka za ka yi amfani da ƙidayar 1952, wadda aka buga sakamakonta lardi-lardi kuma ta ba Arewa mutum kusan miliyan 16.8: ka nemi layin ƙauyenku ka ga girmansa a lokacin da mahaifinka yake yaro. Ƙidayoyin bayan 'yanci ba su da wani amfani sosai ga mai neman asali, tun da an soke ta 1962, an yi ta jayayya a kan ta 1963, an kuma soke ta 1973.

Kada ka ɗauki alƙaluman nan kamar saukakku. Mutane sun san abin da ƙirga ke jawowa, saboda haka ana tura samari daji ranar da malamai za su zo, ana kora shanu zuwa wata gunduma, matan kulle kuma bakin maigida aka ji a kansu, ba a gan su ba. Ga kuma ƙin ƙirga 'ya'ya da iyaye ke yi don gudun baki. Raguwar mutanen ƙauye a takarda tana iya zama annoba ko ƙaura, tana kuma iya zama wayon dagaci.

Sauka zuwa hakimi da dagaci

Jerin sunayen masu biyan haraji ɗaya bayan ɗaya a ƙasa aka riƙe shi, a hannun malaman hakimi da na dagaci, waɗanda ke bin unguwa-unguwa kowace shekara suna rubuta magidanta da samarin da suka isa biya. An ci gaba da wannan har 1979, lokacin da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Da yawa daga cikin waɗannan littattafai gara da ɗigon ruwa sun cinye su, amma wasu suna nan a tsohon kabad a ofishin hakimi ko a gidan wanda ya gaji malamin haraji. Hanyar isa gare su ta gargajiya ce: ka fara da mai unguwarku, ya kai ka wurin dagaci, shi kuma ya gabatar da kai ga hakimi. Ka bayyana tun farko cewa asali kake nema, domin duk wanda ya zo yana tambayar tsofaffin takardu ana fara zarginsa da shirin tayar da rigimar gona ko neman sarauta, kuma da zarar an yi maka wannan fassara, kabad ɗin ba zai buɗu ba.

Idan Allah ya sa ka dace da irin wannan littafi, kada ka kwafi sunan kakanka kaɗai. Ka kwafi shafin gaba ɗaya, saboda malami gida-gida yake bi, sunayen da ke kusa da juna galibi 'yan gandu ɗaya ne ko maƙwabta. Shekarar da sunan saurayi ya fara bayyana a ƙarƙashin na mahaifinsa tana nuna lokacin da ya balaga, shekarar da ya koma layinsa shi kaɗai tana nuna ya fita gandu, shekarar da sunan tsoho ya ɓace kuma ko ya rasu, ko ya ƙaura, ko an yafe masa saboda tsufa. Ka haɗa da littattafan kotun alƙali in sun samu, domin shari'ar rabon gado ita ce takarda guda da ke jera matan mamaci da 'ya'yansa mata da sunayensu, abin da littafin haraji ba ya yi.

Sanya shekaru

Tsofaffi da aukuwa suke lissafi, aikinka shi ne ka mayar da aukuwar lamba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, babbar annobar mura ta 1918, yunwar 'Yar Gusau ta wajen 1942, zuwan Sarauniya 1956, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Zamanin sarakuna ma ma'auni ne mai kyau: a Kano Abbas ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953, a Katsina kuma Dikko daga 1906 zuwa 1944. Wadda ta ce an yi mata aure shekarar da Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, ya rasu ta ba ka 1953, daga nan sai ka ja baya ka ƙiyasta haihuwarta. Idan ka tarar da shekarar Hijira a gefen littafi, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu ta Miladiyya da kuskuren da bai wuce shekara ɗaya ba. Misali 1350 za ta ba ka 1931. Shekarun haihuwa da aka rubuta a takardun gwamnati kuwa, har da na makaranta da na soja, yawancinsu da ido aka yanke su, don haka ka sa “wajen” a gabansu.

Idan sawu ya tsallaka iyaka

Iyakar Nijeriya da Nijar ta ratsa dangi da yawa, kuma mutane da dama sun gudo kudu a zamanin Faransawa don tsere wa lanho da aikin tilas da ɗaukar soja. Ta wata fuskar mai bincike a Nijar ya fi samun sauƙi, domin lanho kuɗin kai ne, kwamandan kan fita rangadi ƙauye-ƙauye a tara mutane a rubuta kowane maigida da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Abin da ya tsira daga waɗannan littattafai da rahotannin rangadi da tarihin yankuna ana nemansa a Ma'ajiyar Takardun Ƙasa a Yamai, da Dakar inda hedikwatar Afirka ta Yamma ta Faransa take a da, da kuma ma'ajiyar takardun ƙasashen mallaka a garin Aix-en-Provence na Faransa. Komai da Faransanci yake, saboda haka ka nemi mai karanta maka. Ƙidayar gama-gari ta farko a Nijar sai a 1977 aka yi ta.

Wanda kakansa ya bi fataucin goro zuwa Gwanja, kamar yadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi, ya nemi sarkin zango da limamin zango a Salaga ko Kumasi ko Akara kafin ya je ma'ajiyar takardun Gana, kuma ya tuna cewa korar baƙi ta 1969 ta dawo da iyalai da yawa gida. Wanda nasa suka yi gabas, ko a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 ko a tafiyar Hajji ta ƙasa, bakin dattawan garuruwa irin su Mai Wurno a Sudan ya fi takarda amfani a gare shi. Idan kuwa an ce wani ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal tana da jerin sunayen sojojin Nijeriya da suka mutu a yaƙin duniya, ana bincika shi kyauta a intanet, kuma a nan ne shafinka na siffofin suna zai yi maka rana.

Abin da ba a so a ji

Mai tonon asali ya shirya wa abin da zai tono. Bauta ta yi yawa a ƙasar Hausa, dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a haramta bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai a 1936. A tsakanin nan dubban mutane sun fanshi kansu ko an 'yanta su a gaban alƙali, kuma an rubuta su a rajistar 'yantattun bayi, da suna da kabila da kimanin shekaru da yadda aka 'yanta su. Abin mamaki shi ne wannan rajista ta fi littafin haraji ba da cikakken bayanin mutum, har da mata da yara. Idan labarin gidanku ya tsaya cik a kan wani kaka da ba a san garinsu ba, ko ƙauyenku asalinsa rinji ne, wato ƙauyen bayi, to nan ne wurin dubawa. A ganina babu abin kunya ga wanda aka zalunta, amma maganar tana iya ɓata aure da zumunci har yau, saboda haka abin da ka gano game da gidanku ka fara kai shi ga manyanku, abin da ka gano game da gidan wasu kuma ka bar shi a inda ka gan shi.

Rubuta abin da ka samu

Kowane bayani ka rubuta masa madogara a gefensa: wane ne ya faɗa, a ina, ranar nawa, ko kuma wace ma'ajiya, lambar fayil nawa, shafi na nawa. Ka raba abin da ka gani a takarda da abin da aka gaya maka da abin da kai ka ƙiyasta, ko da da tawada kala uku ne. Kada ka amince cewa wani Audu da ka gani a littafi kakanka ne don suna ya zo ɗaya, tun da ƙauye guda zai iya samun Audu goma. Sai abu biyu aƙalla sun haɗu da sunan, kamar sunan uba da unguwa, ko sana'a da sunan ɗan'uwa. Inda takarda ta saɓa wa baki, ka ajiye duka biyun, domin Baturen ta bakin tafinta ya ji, dattawan da suka ba shi labari kuma suna da abin da suke karewa, kamar yadda gwaggonka take da nata. Ka yi hattara musamman da salsalar da ta miƙe sumul har zuwa wani sarki ko wani shehi ba tare da giɓi ba, domin akan tsallake kakanni marasa suna a manne da mai suna.

Idan ka gama zagayen farko, ka buga abin da ka tara a takarda, ka ajiye hotunan a wuri biyu dabam, ka ba wani ɗan'uwa kwafi. Sannan ka koma wurin tsofaffin da ka fara da su ka karanta musu sunayen dagatai da na maƙwabtan da ka kwafo, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, wayarka a kunne. Sunan maƙwabcin da aka manta shekara sittin yakan tayar da labarin da tambaya kai tsaye ba ta fito da shi ba, kuma daga abin da suka ƙara maka ne za ka fitar da jerin fayilolin da za ka nema a tafiyarka ta biyu.